Fuskar Inna Hajo a Bangon Kasuwar Tibiri

Har gobe ban manta da ranar da Inna Hajo mai fura ta shigo lakwal ɗinmu ba, wato makarantarmu. Ta dire ƙwaryarta a tsakiyar ɗakin zane, ta ce ba inda za ta sai an nuna mata wanda ya kashe mata kasuwa. Ku da kuka zo aikin nan daga baya, kuna jin ana ce mini Mushe Mai Ƙuda, wato Malam Mai Ƙuda, kuna dariya, ba ku san mafarin sunan ba. To, ga shi.

A lokacin ni ke riƙe da sashen zane da fenti, duk abin da ɗalibi zai sa a bango sai ya bi ta hannuna kafin ya je wurin direkta. Zamani ne na rikici. Jam'iyyu sun fito, kowa da tutarsa, yau yajin aiki gobe zanga-zanga, ga darajar kuɗinmu na sefa an karya, gwangwanin fenti ya fi ƙarfin kowa. Ana cikin haka da damina amai da gudawa ya ɓarke a ƙauyukan gulbi. Lakwal ɗinmu kuwa tana da doka: ɗalibin shekarar ƙarshe ba ya karɓar takardarsa sai ya yi abin da muke kira aikin gari, wato aikin da zai amfani jama'a kyauta. Sai ma'aikatan lafiya suka roƙe mu zanen faɗakarwa a kan tsabtar abinci, ɗaya a Jiratawa, ɗaya a bangon wata mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, a bakin kasuwar Tibiri. Tsarin nasu ne: a raba bango biyu, hagu a nuna ƙazanta, dama a nuna tsabta, don wanda bai yi karatu ba ya gane da kallo ɗaya.

Na Tibiri na ba Laminu, wani ɗalibi ɗan Sabon Gari, wanda ban taɓa koyar da mai hannu irin nasa ba. Yadda muke aiki shi ne, ɗalibi ya shiga cikin jama'a ya zazzana abin da idonsa ya gani, ya dawo ya haɗa ƙaramin samfuri a takarda, mu duba mu amince, sannan a faɗaɗa shi a bango. Laminu ya je kasuwa ya ga wata dattijuwa zaune bayan ƙwaryar fura, zamanta ya ba shi sha'awa, ya zana ta. Da ya zo haɗa samfuri sai ya sa ta a hagu, ya cire faifan da ta rufe ƙwarya da shi, ya zuba ƙudaje. A takarda fuskar ba ta wuce ƙwayar gyaɗa ba, ni da direkta da majo, wato shugaban ma'aikatan lafiya na can, duk muka duba muka ce ya yi. A bango kuwa fuskar ta kai faɗin tire. Tsagen Gobir ya fito, wushirya ta fito, ɗaurin kallabinta ya fito, har ɗinkin da ke gefen ƙwaryarta bai bari ba.

Shi ne ta biyo mu har Maraɗi. Na tare ta na ce, "Inna, sannu da zuwa, zauna ki huta."

Ta ce, "Ba hutu ya kawo ni ba, ɗana. Mi na yi muku? Duk Tibiri ana cewa likitoci sun gano ciwon ga daga furata yake, shi ya sa gwamnati ta sa ni a bango. Kasuwa biyu ina damawa ina mai da ita gida. Jikokina marayu da ƙwaryar ga nike ciyar da su. Ni da ko ludayi ban sa wa mutum sai na ɗauraye!"

Ta buɗe faifan, fura cike fal, ko ludayi ɗaya ba a ɗiba ba. Wallahi kunya ta rufe ni, raina kuma ya ɓaci ƙwarai. Laminu da ke tsaye bakin taga ya zo ya durƙusa a gabanta, ya ce shi ne. Ta kalle shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ne? To, hannu dai Allah ya ba ka. Hankali ne ya yi saura."

Na kai maganar gaban direkta. Mutumin kirki ne, amma tsoron rigima gare shi, kuma ba laifinsa ba ne, don a lokacin ƙaramin abu sai 'yan siyasa su ɗauka su yi ta yayatawa. Ya ce, "Mushe Haru, ka ɗauki farar ƙasa gobe da sassafe ku shafe bangon, kada kowa ya gani. A ba ta haƙuri, magana ta mutu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, bari mu ji daga bakinta."

Da aka gaya mata sai ta tafa hannu. "A shafe? Sai a ce na je na yi kuka an rufa mini asiri! Gaban jama'a kuka sa ni a bango, gaban jama'a za ku gyara. Ku bar ni a bangon, amma ku zana ni yadda nike."

Direkta ya dube ni ya ce ba fenti a sito, kuma ɗalibai na cikin yaji. Na ce ya bar mini wannan. Na bi ɗaliban sashena ɗaya bayan ɗaya. Shugaban ƙungiyarsu ya ce yajin da gwamnati suke yi, ba da tsohuwa mai fura ba. Suka bi masu rubuta allunan shaguna da masu fentin mota na cikin gari, wanda duk ke da sauran gwangwani ya ba su. Ranar Laraba, ranar kasuwar Tibiri, muka ɗora kaya a kan babura muka tafi.

Muka shafe bangon da hantsi, kasuwa na cika. Inna Hajo ta shimfiɗa tabarma a gindin bangon, ta ajiye ƙwarya a rufe da faifai, ga bokitin ruwa da sabulu a gefe, ta gyara kallabi ta zauna. Laminu ya hau tsani ya fara zana ta a dama. Kafin ka ce me, wuri ya cika, kowa ya zama malamin zane. Wannan ya ce wushiryar ta yi faɗi, waccan ta ce an manta da tsumman da take goge ludayi. Ita kuwa ba ta ko motsa, sai dai ta ce, "Ku dai kalla da kyau, ku ne shaidu."

Da aka gama dama sai muka tsaya cirko-cirko, don hagu na nan fari fat. Majo ya ce in ba a nuna ƙazanta ba faɗakarwar ba ta cika ba. Laminu ya sauko ya raɗa mini, "Mushe, duk fuskar da na ƙirƙira, sai an sami wanda za a ce shi ne. Ni kam na ji tsoro." Gaskiya ya faɗa. Na ga masu waina da masu tsire sun fara ja da baya, kowa na sunne kai.

Sai na ji zuciyata ta ɗauko. Na tuɓe hula na miƙa wa wani ɗalibi, na tsuguna a gindin bangon na ce, "Zana ni."

Ya ce, "Haba, Mushe!"

Na ce, "Zana ni, na ce! Lakwal ɗinmu ce ta ɓata, fuskar lakwal za ta hau. Kuma in ka rage mini sanƙo ko ka gyara mini kunnuwa, ba ka cin jarrabawa."

Kai, jama'a! Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Yaron nan ya zana ni tsugune ina cin abinci a buɗaɗɗen kwano da hannu duk dauɗa, ga sanƙo na ƙyalli, ga tabarauna da na ɗaure da waya. Mutane na ihu, "Ƙara mishi ƙuda! Sa ɗaya bisa sanƙon!" Ya kuwa sa. Inna Hajo ta yi dariya har da share hawaye da bakin zane.

Ana cikin dariyar majo ya matso ya wanke hannu a bokitinta, ya ɗaga murya ya ce, "Inna, dama mini." Ya kafa kai ya shanye a gaban kowa, ya ce a ƙaro. Wasu manoman Jiratawa da suka kawo tattasai suka biyo baya, ɗalibaina suka bi, sai layi ya miƙe har bakin hanya. Kafin la'asar ƙwarya ta ƙare tas. Ta ɗaga ta sama don kowa ya gani, ta kife ta a ƙasa ta kaɗa da ludayi, mata suka ɗauki guɗa. Daɗin da na ji a ranar ban ji irinsa ba ko ranar da aka ƙara mini girma.

Laminu ya ci jarrabawarsa. Direkta da kansa ya kafa dokar da kuke bi yanzu: ba fuskar da za ta hau bango sai mai ita ya gani ya yarda, kuma samfuri sai an kai shi unguwar da za a yi aikin, mutanen wurin sun duba. Mu muna gama fenti mu hau babur mu dawo Maraɗi, amma wanda muka zana da shi da bangon kullum suna tare, maƙwabtansa na wucewa suna kallo. Shi ya sa nake ce muku kafin ku tambayi ko zane ya yi kyau, ku tambayi wa zai kwana da shi.

Ni dai na kwana da nawa shekara da shekaru. Matata ta yi rantsuwa ba ta ƙara taka kasuwar Tibiri. Ni kuwa duk Larabar da na je, tun daga nesa yara ke rakiyata da Mushe Mai Ƙuda, Inna Hajo kuma ba ta taɓa miƙo mini ludayi ba sai ta nuna mini bokiti ta ce, "Wanke hannu tukuna, ɗana. Duk gari an san halinka."