Filin da Ba Mu da Shi

Sana'ata ita ce rubuta wa mutane takardar neman tallafi, wadda 'yan boko ke kira furofozal. Ba ni da ofis, ba ni da maigida, daga ni sai kwamfuta a jaka da babur. Kuma duk mai wannan sana'a yana da wata tsohuwar takarda da ta taɓa ci, yana adana ta kamar irin shuka. In sabon aiki ya zo sai a buɗe ta, a canja sunan gari da abin da ake nema, a tura. Wanda ya ce bai taɓa yi ba, ku bar shi da Allah.

Tawa wasu manoma na rubuta wa a wajen Gezawa. Da ita na yi wa Kawu aiki, yayan mahaifiyata, shugaban manoman albasa na ƙauyenmu a ƙasar Bagwai. Wata ƙungiyar agaji ce ta yi shelar za ta gina wa wasu ƙauyuka rumbun adana albasa, mu kuwa duk shekara a ɗaki take ruɓewa kafin ta yi daraja. Saura kwana biyu a rufe karɓa suka zo mini. Na yi gyare-gyarena cikin gaggawa, Kawu da ba ya karatun boko ya dangwala yatsa, na tura.

Bayan 'yan makonni ƙungiyar ta aiko wata jami'a ta ga zahiri. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin ɗorawa, manoma suka cika. Tana karantawa tana fassarawa, ni kuma ina gefe ina hura hanci, har ta iso shafi na huɗu.

"Kun ce kuna da filinku a bakin titi, dagaci ya ba ku takarda. Baba, a kai ni in gani."

Nan take na tuna. Filin mutanen Gezawa ne, ban goge shi ba. A ƙauyenmu gona na jikin gona, ko turken akuya za a kafa sai an yi shawara.

Ma'ajin ƙungiyar manomanmu ya matso kusa da Kawu, ina jin raɗarsa: "Nuna mata gonarka ta bakin hanya, a wuce wurin." Wallahi a raina addu'a nake ya yarda. Kawu ya dube ni, ya daɗe yana dubana, na sunkuyar da kai.

"Hajiya," ya ce, "ba mu da fili."

Ta rufe takardar. "Rashin fili ba ya hana a ba ku, Baba. Wasu filin aro suka rubuta, mun karɓa. Amma dokarmu, takardar da aka samu abin da ba haka ba a cikinta, fitar da ita ake yi. Wa ya rubuta wannan?"

Ina da aiki uku a hannun mutane, kuma na san in sunana ya ɓaci a wajen masu tallafi, sana'a ta ƙare.

"Yatsana ne a jiki," in ji Kawu.

Har motarta ta tashi ban ce uffan ba, kuma har yau ina jin kunyar shirun nan fiye da kuskuren.

Rumbu ya tafi ƙauyen gaba da mu. Sai da zafi ya shigo na iya taka gidan Kawu. Na tarar da shi a tsakar gida ya baje albasa, yana ware ruɓaɓɓu, wari har soro. Na durƙusa na ce ya tara mutane, zan faɗa musu laifina ne.

Bai ɗago ba. "Wa ka ga yana jin Turanci a cikinmu? Kowa ya sani tun a gindin ɗorawa. Jira muka yi mu ji daga bakinka."

Ya turo mini kwando da ƙafa. "Masu laushin nan, zuba su can."