Lamba Tara

Silvanus Kumai ɗan mai gyaran layin dogo ne a Kafanchan. Tun yana makarantar mishan lissafi ba ya ba shi wuya, shi ya sa a 1977 wata hukumar rabon guraben karatu a Kaduna ta ɗauke shi aikin rubuta wa kwamfuta umarni. Injin ya cika ɗaki guda, shi ake hura wa sanyi, ma'aikata kuwa su ci zufa a baranda. Ba ya jin magana sai ta kati mai huji. Abin da Silvanus ya rubuta shi 'yan mata ke hudawa, shi injin ke bi, ba gardama.

A katin kowane mai neman gurbi, wurin ƙabila lamba guda tak yake ɗauka. Manyan ƙabilu suka kwashe ɗaya zuwa takwas. Silvanus ya sami shugaban sashensu, Mista Gilbert, mutumin Kachia, wanda cocinsu ma ɗaya.

"Oga, a ƙara mini wuri. Bajju, Ham, Atyap, duk namu na gida, ina zan zuba su?"

"Zuba su a tara."

"Tara ai 'da sauransu' ce."

"To da mu su wa ne? Kai yaro, na kusa samun ƙarin girma, kada ka yi mini ƙafar ungulu. Daga sama aka ce injin ya fara rabo daga ɗaya. Rubuta!"

Ya kuwa rubuta, ba wanda ya riƙe masa hannu. Ya san sarai kafin injin ya kai tara gurabe sun ƙare. Ya kuma san katin ƙanwarsa Regina, mai neman kwalejin horon malamai, yana cikin tulin. Ai da mutum ne ya hana ta, da an san ƙofar da za a buga. Wa zai kama kwalar inji?

Da Kirsimeti ya sauko daga jirgin ƙasa, ya tarar uwarsu Emilia ta gama shela a zumuntar mata ta coci.

"Ɗana ke yi wa injin magana. Ta Regina ai ta yi kyau!"

Aka zuba masa shinkafa da naman akuya. Regina ta durƙusa gefensa.

"Yaya, injin naka ya iso kaina?"

"Bi da bi yake yi," in ji shi, idonsa a kwano.

"Ba komai, ina jira."

Washegari Emilia ta ɗauki buhun cittar da ta ajiye don shuka, ta nufi kasuwa, za ta sayar ta sayo wa 'yar makaranta akwatin ƙarfe. Silvanus yana tsaye a bakin ƙofa. Ya matsa, ya ba ta hanya.