Masu Fararen Kaya Sun Ƙi Zama a Gidana

Talatu aminiyata, daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu ya ƙi sakina, ke kuwa kin fi ni sanin fassara.

Bari in tuna miki. Tun da na zame a bakin rijiya, likita ta ce ƙashina ya fara zagwanyewa, in na sake faɗuwa ƙugu ne zai karye. Ɗana Nasiru kuma ya rantse ranar da haka ta faru zai kulle gidan nan ya tafi da ni Fatakwal. Shi yake aiko min da farar ƙwayar nan ta kalsiyam. Likita ta ja min kunne: irin wannan sai da abinci a ciki take narkewa jiki ya ɗauka, kada in kora ta da shayi, kuma in riƙa shan hantsi, don rana ce ke taimaka mata ta shiga ƙashi. Na ce to. Amma kin san tun rasuwar Yaya Asabe ban cika ɗora tukunya ba. Shekara da shekaru kwano ɗaya muke sa hannu, yanzu in na zuba tuwo ni kaɗai sai in ture kwanon gefe. Shayi nake sha, in jefa ƙwayar a kai, in ce ai na sha magani.

To a mafarkin, ga ni a gidana, amma duk bangon ya koma fari, ya yi huji-huji kamar gara ta ci. In na dafa sai ya zubo min a hannu. Na ɗaga kai, rufin kwanon nan da Nasiru ya yi wa tsakar gida don kada ruwa ya dame ni ya sauko ƙasa-ƙasa, ko ɗigon rana babu.

Sai kawai na ji sallama. Wasu mutane ne gajeru masu fararen kaya, kowa da kwandon farar ƙasa a ka, wai an aiko su yaɓe. Na yi murna, na shimfiɗa musu tabarma. Babbansu ya leƙa madafa, ya taɓa murhu, ya ji shi da sanyi.

"Hajiya, ba a girki a gidan nan?"

Na ruga na kawo musu shayi a buta. Ko kallonsa ba su yi ba. Suka ɗauki kwandunansu, suka bi ta wata ƙofar baya da ban taɓa sanin da ita ba, ɗaya bayan ɗaya, ko yatsa ba su sa wa bangon ba. Haushi ya kama ni. Ina ta cewa ɗana fa ya biya ku, ba wanda ya waiwayo.

Sai kawai na gan ni a gidanmu na ƙauye, a tsakar gida, hantsi ya dubi ludayi. Ga Yaya Asabe zaune a kan turmi da zanenta mai ruwan goro, tana gyara kuɓewa. Gabanta kwanonmu ne, wanda bakinsa ya lotse, cike da tuwon dawa yana tururi. Masu fararen kayan nan kuwa sun jeru a kan katanga suna jira, kamar 'yan biki.

Na ce, "Yaya, kin bar ni ni kaɗai."

Harara ta yi min, irin wadda take yi in na bar miya ta ƙone, ta tura min kwanon da ƙafa. Na matsa gefe na bar mata wajenta, na ce bismillah. Ta girgiza kai, ta naɗe hannunta cikin zane, ta nuna min ƙofar gida da haɓa. Wallahi Talatu na ji kewarta har cikin ƙashina. Na yanko loma ke nan, na ga masu fararen kaya sun fara saukowa daga katanga, sai na farka.

Ɗakin shiru. Ga kwalbar magani a kan durowa, ga kofin shayin jiya da ƙudaje a kai.

Abin da ya tsaya min a rai, an ce ba a son mamaci ya ba ka abinci a mafarki. Amma ai ita ba ta ci ba, kuma ba ta ce in biyo ta ba. To kirana take yi, ko korata take yi in fita in nemi wanda zan sa hannu da shi? In na biyun ne, Talatu, yau me kika ɗora?