Harsashin da na ɗura wa taubashina

Masu karatu, ku yi haƙuri da rubutuna. Lakwal ɗin da na yi, wato makarantar boko, aji biyu ne, shi ma rabinsa a bayan katanga na yi shi ina harbin ƙadangaru da danƙo. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara arba'in da ƴan kai, ina zaune a Birni, ina da garkar rogo da dankali wajen Mirriya, kuma ina ɗaukar kaina maharbi, ko da yake naman da na kashe da baki ya ninka wanda na kashe da bindiga sau goma. Bindigar gado ce daga mahaifina, tsohon soja, Allah ya jiƙansa. Ba adaka ba ce, ƙirar Turawa ce, da takardarta. Harsashinta yana da wuyar samu, saboda haka ba ma yar da kwanso in mun yi harbi, sai mu tsince shi mu sake ɗura masa albarushi mu sa masa kan dalma. Tsoho ya bar mini ma'auninsa na albarushi, wani ɗan guntun ƙaho, ya ce ko a mafarki kar in wuce bakinsa.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, sa'ana ne. Baduku ne, kuma ba ƙaramin baduku ba, don in ya ɗinka jaka sai ka juya ta ka sake juyawa kana neman inda zaren ya shiga. Tun muna yawo ba wando muke tsokanar juna. Ni in ce da shi mai warin jima, shi ya ce da ni sarkin kuskure. Wajen suna ko ɗaurin aure da gangan ake zaunar da mu tabarma ɗaya don mutane su sha kallo. Ba mu taɓa gaisawa irin ta mutane ba, da zagi muke tambayar lafiyar juna.

Wata shekara gyado ya matsa wa garkata, yana tone rogo kamar an ɗauke shi aikin lada. Na yi kwanton ɓauna wata safiya na same shi a kafaɗa, ya girgiza ya kaɗa wutsiya ya yi tafiyarsa. Labari ya riga ni isowa Birni. Ina shiga rumfar taubashina na tarar ya tara jama'a yana shaida musu wai gyadon ya aiko da godiya, ya ce na sosa masa inda yake masa ƙaiƙayi, in na samu hali in koma gobe in sosa masa ɗaya gefen. Ya ƙara da cewa shi da bai taɓa riƙe abin da ya wuce basilla ba, in aka ba shi bindigar zai kawo kan gyadon. Na yi dariya tare da kowa, na ce na yarda, mu tafi tare ranar kasuwar Mirriya. Amma na ƙullace shi a raina, ban nuna ba.

Washegari na je wurin wani maƙeri, dattijo ne da ya san mahaifina, na ce ya zuba mini kan harsashi mai nauyi, wanda ya kusa ninka na kullum. Ya dube ni ya ce ɗana, wannan nauyin ba na wannan bindiga ba ne, in kan harsashi ya yi nawar fita, wutar da ke bayansa ba ta jira, wata ƙofar take nema. Ya ƙi yi. Na koma gida na yi da kaina. Sai kuma na kawo ilimina na aji biyu, na ce ai jaki in aka ƙara masa kaya, harawa ake ƙara masa, saboda haka na cika ƙahon tsoho da albarushi na sake ƙarawa a kai. Na daɗe ina gaya wa kaina don gyado na yi. Ƙarya ce. So nake bindigar ta shure shi, ya zauna daɓas cikin taɓon bakin rijiyar garkata, in samu labarin da zan ci shekara goma ina bayarwa. Maharba suna da al'ada, in ka canza yawan ɗuri ba ka saɓa bindiga a kafaɗa, sai ka ɗaure ta jikin itace ka ja kunama da igiya daga nesa. Na san wannan sarai. Ban yi ba, don zuciyata ta san in na gwada zan ga abin da zai hana ni wasan.

Ranar muka shiga motar Mirriya, shi yana ta gaya wa fasinjoji yau zai koya wa maharbi harbi. Da hantsi muka hango gyadon a gefen kunyar dankali. Na sa harsashin na miƙa masa bindigar, na gyara masa tsayuwa yadda bayansa zai fuskanci taɓo, sannan na ja baya taku uku. Ya ja kunama. Dariyar tana bakina na riga na buɗe shi, sai na ga ba faɗuwa ya yi ba, durƙusawa ya yi yana riƙe da hannunsa, bindigar ta tsage daga gindi kamar rake. Babban yatsa da manuni na hannun dama sun tafi, ƙarfe ya yanke masa kunci. Na naɗe hannun da rawanina, muka samu amalanke zuwa bakin hanya. Duk tsawon tafiyar zuwa asibiti shi yake ba ni haƙuri, wai ya lalata mini gadon ubana.

Da jandarmomi suka tambaye ni, na ce bindigar ce ta tsufa. Dangi suka ce ƙaddara, na ce ƙaddara. Maƙerin nan ya zo dubiya, ya kalle ni sau ɗaya, bai tona mini asiri ba har ya koma ga Allah. Taubashina ya warke amma ɗinki ya ƙare, ya koma sayar da aikin waɗansu a rumfar da a da ake layi don nasa. Bai fasa tsokanata ba. Yakan ɗaga hannun a cikin taro ya ce yatsu ukun da suka rage sun isa ƙirga duk naman da na taɓa kashewa, har da canji. Mutane su fashe da dariya, ni ma in yi, in rama da abin da ya samu.

Haka muka yi shekara bakwai. Wata rana bayan la'asar na tarar da shi shi kaɗai, maɗaurin takalminsa ya tsinke, ya danne basilla da haƙori yana fama da zare, mutumin da ya yi wa rabin Birni takalma. Na zauna na gaya masa komai, da maƙerin, da ƙahon, da taɓon. Bai katse ni ba. Da na gama ya tambaye ni abu ɗaya, ya ce lokacin da zai harba, a ina nake tsaye. Na ce na ja baya. Ya ce taku nawa. Na ce uku. Ya ajiye takalmin, ya ce ya yafe mini duniya da lahira, kuma kar in gaya wa iyalinsa.

Ya cika alkawari, bai taɓa tayar da zancen ba. Amma daga ranar, in na shigo rumfarsa sai ya gyara zama ya ce sannu da zuwa Malam, ya tambayi gida da gona ɗaya bayan ɗaya, ya sa a kawo mini ruwa. Na sha jefa masa tsohuwar tsokana, sai ya yi murmushi ya ce Allah ya kyauta. Mutane suna cewa mun girma mun yi hankali. Ni na san gafara na samu, taubashi kuwa na rasa, kuma ba ni da bakin cewa an cuce ni.

Yanzu gemuna ya yi fari, ban sake taɓa bindiga ba. Abin da na gane shi ne ma'aunin da magabata suka bar mana ba rowa ba ce, wani ne ya biya da jikinsa kafin a tsayar da shi, kuma ƙarfe bai san wasan taubashi ba. Ku masu sake ɗuri a gida, in wanda ya fi ku sani ya ce kar a yi, ku bari. Ku masu son a yi dariya irina, kafin ku miƙa wa ɗan'uwanku abu, ku duba ƙafafunku. In kuka ji suna son ja da baya, to kun riga kun san abin da ke hannunku, ku ajiye shi.