Wa Zai Kwance Ruwan Mamman?

Bana shekara goma sha biyar ke nan da muka binne Mamman a nan Greensboro, nesa da gulbin da aka haife shi a bakinsa, nesa kuma da tekun da ya ɗauke masa hankali. Da zai tashi yau ya hau motarsa, da sai ya ɓata, don ko titin da shagona yake, High Point Road, sun sake masa suna. Amma na san ba sunan titi zai fara tambaya ba. Zai leƙo shago ya toshe hanci kamar yadda ya saba, ya ce, "Bawana, an kwance ruwan?" Ni kuwa ba ni da wata amsa sai wadda na ba shi tun yana da rai.

Ni mahauci ne ɗan mahauci, daga Katsina. Shi masunci ne ɗan masunci, daga wani ƙauye na ƙasar Kabi. Kowa ya san wasan da ke tsakanin mahauta da masunta, mu kuwa muka ɗauko shi har Amurka ba mu rage komai ba. Ya ce ina warin jini, in ce yana ƙarnin kifi, yaran shago su yi ta dariya. Aikinsa tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito, amma wannan na neman abinci ne kawai. Da Asabar ta kama, sai ya ɗauki sandar fatsarsa ya nufi bakin teku, tafiyar da ni ko kyauta aka ce in yi ba zan yi ba.

A wajen sayen ƙugiya ya haɗu da wani tsohon Bature na Pleasant Garden, wani gari kusa da mu, mai jirgin ruwa a bayan gida. Mamman ya laƙaba masa Kyaftin. Tsohon yana da wani wuri can cikin teku, inda duwatsu suke a ƙasan ruwa, manyan kifaye na taruwa. Ko surukinsa bai taɓa nuna wa ba. Sai da suka shekara suna fita tare kafin ya kai Mamman, ranar kuwa Mamman ya dawo kamar wanda aka naɗa wa sarauta. Ya cika mini firiza da kifi, ya ce in ɗanɗana abincin 'ya'yan sarauta.

Wajen tsakiyar shekarun dubu biyu, hukumar da ke kula da kamun kifi ta fara kiran taro. Wai ana so a rufe wasu sassan teku don kifi ya farfaɗo, amma sai an ji ta bakin masu fatsa tukuna. Da Mamman ya ji, murna ya yi, abin da ya ba ni mamaki. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. A garinsu, in ruwa ya fara janyewa, Sarkin Ruwa kan ɗaure gurbi, wato ya hana kowa jefa ko da ƙugiya ɗaya a wurin. Amma ranar da ya ɗaure, ranar yake faɗin lokacin kwancewa. In lokacin ya zo a yi shela, kowa ya fito da homarsa ta kamun kifi, a sami kifin da ya yi ƙiba. A wurin Mamman, ba a ɗaure ruwa sai da ranar kwancewa, kamar yadda ba a ɗaukar azumi sai da sanin akwai Magariba. Ya ɗauka Turawa sun gano hikimar kakanninsa ne.

Motarsa ta lalace, dole na kai su taron a tawa, shi da Kyaftin. Wani zauren otal ne a bakin teku. Tun daga ƙofa jikina ya ba ni. An jera kofi da cincin ɗin Turawa kyauta, ga ma'aikata sai fara'a suke kamar sun ga dangi. Ni dai na san lokacin da ake shafa bayan rago ana tura masa dusa, na kuma san abin da ke ɗaya hannun. An shimfiɗa manyan taswirori a kan tebura, an ajiye alƙaluma masu launi. Wata mata mai taushin murya ta ce kowa ya zagaye inda yake kamun kifi, don a yi la'akari da shi in an zo jan layi. Tsofaffin masu fatsa suka harɗe hannu, ba wanda ya motsa. Na raɗa wa Mamman da Hausa cewa in ka ga kare na shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Ya ce mahauci ba ya ganin komai sai wuƙa.

Ya miƙe da Turancinsa na sito ya ba su labarin Sarkin Ruwa. Aka tafa masa, matar har da rubutawa. Sannan ya yi tambayarsa: in an rufe, wa zai buɗe, kuma yaushe? Ta yi murmushi ta ce lokaci-lokaci za a riƙa yin ribiyu. Ya juyo gare ni fuskarsa a washe.

"Ka jiya? Ta ce za a yi ribiyu."

"Mamman, ribiyu dubawa ce. Ni ma kullum ina duba firizata, ban taɓa raba naman ba."

"Kai dai bawa ne. Mutum ya duba ƙulli don mi, in ba kwancewa zai yi ba?"

Daga nan ya dafa kafaɗar Kyaftin, ya ce masa abu biyu ne: in ya nuna wurinsa, ko ma'aikatan su kauce masa tunda sun san na mutane ne, ko su rufe shi na ɗan lokaci a dawo a tarar da kifi ya ninka. Ya dafa ƙirji ya ce shi ya tsaya masa. Tsohon ya dube shi ya daɗe, sannan ya ɗauki alƙalami ya zagaye wurin da ya ɓoye wa surukinsa.

Da layin wuraren da aka rufe ya fito bayan 'yan shekaru, wurin nan yana tsakiyarsa. Ban ce da zanen Kyaftin aka yi aiki ba, Allah bai nuna mini ba. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma har yau na kasa fita daga tsakanin abu biyu. In sun san wurin tun kafin taro, to me aka tara mutane su yi? In kuwa ba su sani ba, to alƙalamin nan ƙugiya ce, kofin kuma shi ne tanar da aka soka mata. Kowanne na ɗauka, ba ya yi mini daɗi.

Kyaftin bai zagi Mamman ba. Ya zo har gida ya ce masa teku faɗi gare shi, ba mai gadinsa, su lallaɓa su shiga abinsu. Mamman ya ƙi. Ya ce a gidansu wanda ya shiga ɗaurarren ruwa, jikokinsa ma sai an goranta musu. Tsohon ya ce, "Kai ka sa aka rufe, kuma ko sata ba za ka taya ni ba." Bai sake kiransa ba, daga baya muka ji ya sayar da jirgin. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wannan abu ya ci Mamman fiye da rashin kifin, don ya tsaya wa mutum a gaban jama'a, maganarsa ta faɗi ƙasa. Ya riƙa buga waya ofishin hukumar yana tambayar ranar kwancewa, don ya sami abin da zai kai wa tsohon. Kullum amsa ɗaya ce, cikin ladabi. Wata rana ya kawo mini sandar fatsarsa ta teku, ya ce ganinta a gida yana ɓata masa rai, in ajiye masa sai ranar da aka kwance. Ba a daɗe ba ciwo ya kwantar da shi, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

Yau taron ya koma cikin kwamfuta, ko kofin ma an daina bayarwa. Suna cewa kifi yana farfaɗowa. Ban musa ba, ni ba ni na ƙirga ba, waɗanda suka ƙirga kuwa su ne suka rufe. Abin da ke ba ni haushi shi ne na san da Mamman na nan, kare su zai yi. Zai ce kifi na ƙiba, ɗaurin da ya daɗe shi ke kawo babban kamu ranar su. Wani lokaci in ce kallon kitse ya yi wa rogo. Wani lokaci kuma in ce shi kaɗai ne a zauren nan ya san yadda ake hana mutane abu ba tare da an raina su ba: ka faɗi ranar, ka tsaya inda za a same ka in ranar ta zo.

Bashir ɗan Mamman, wanda yanzu magidanci ne, ba ya fashin waɗannan tarurruka. Duk lokacin da aka ba jama'a dama, tambayar ubansa yake yi, da Turancin da ya fi na ubansa. Bara ya zo shago ya ga sandar a rataye a saman firiza, ya ce in ba shi ya kai ɗansa tafki.

"Baba Lawal, ka san fa ba za su buɗe ba. Har yanzu ribiyu suke."

Na ce masa na riga ubansa sani. Na saya wa yaron sabuwa, waccan kuwa na bar ta inda take. Cikin duk waɗanda suka yi magana a zauren nan, mutum ɗaya na ga ya riƙe tasa, shi ne kuma muka binne. Ba zan zama cikin masu saɓa masa ba. Allah ya jiƙan Mamman, ya sa Alkausara ce mashayarsa. Masu sayen nama kan tambaye ni ko sandar ta sayarwa ce. Nakan ce musu ajiya ce, mai ita yana jiran a kwance ruwa.