Hatimin Yahuza Mai Cokula

Yahuza ya baro Malumfashi ya zo Abuja aikin gadi, amma barci ya fi ƙarfinsa, duk gidan da ya kama sai an sallame shi. Daga nan ya kafa rumfa a kasuwar Karmo, yana sayar da kayan kicin na gwanjo, irin waɗanda Turawan ofisoshin jakadanci ke bari idan za su koma ƙasarsu.

Wata tsohuwar Ba'amurkiya ce ta ɗora shi a hanya. Ranar da ya je kwashe kayanta, ta juya wani cokali ta nuna masa 'yan haruffa a bayan mariƙin. Ta ce maƙeran azurfar ƙasarsu na da, kowa da hatiminsa, da shi ake gane wanda ya ƙera abu da zamaninsa. Bayanin bai yi tsawon shan shayi ba, kuma direbanta ne ya fassara rabinsa. Yahuza dai ya fito gidan yana jin ya sauke karatu.

Washegari ya sayi gilashin mai gyaran agogo. Kowane cokali sai ya kanne ido, ya daɗe yana dubawa, ya girgiza kai.

"Hajiya, kin ga nan? Stainless. Babban maƙeri ne a Amurka, shi da ƙanensa Steel. Sun rasu tuntuni."

Hajiya Muhibba, darakta ce a wata ma'aikata, Turanci a bakinta kamar ruwa. Ta san ma'anar kalmar sarai. Amma tana son abin da za ta faɗa wa baƙi a falonta na Gwarinpa, sai ta tambaye shi ko babu na wani maƙerin da ya fi wannan tsufa.

"Akwai, ranki ya daɗe. Sai dai a jira."

Ya hau mota zuwa Mararaba, ya sa wani maƙeri ya yanka masa hatimin ƙarfe: haruffa biyu da tsuntsu. Mikiya ya ce a yi, abin ya fito kamar zabuwa. Da shi ya riƙa buga wa cokula tarihi, matan manya suna rububi. A hankali shi kansa ya fara ganin girman maƙerin nan da bai taɓa rayuwa ba.

Rannan wani ludayi ya faɗo cikin kayansa, baƙi ƙirin, siriri, hatiminsa ya goge da ƙyar ake gani. Yahuza ya tausaya masa. Ya dirje shi da toka, ya ɗora zabuwarsa daidai kan tsohon hatimin, ya sakar mata guduma.

Madam Christiana, mai sayen kayan tarihi tana kai wa Legas, ta biyo ta rumfar a makon. Ta ɗauki ludayin ta jinjina, ta karɓi gilashinsa ta duba.

"Oga, wannan azurfa ne na gaskiya, tsoho sosai. Wa ya buga masa kaza?"

"Mikiya ce."

"Sunan wanda ya ƙera shi yana ƙarƙashi. Ka kashe shi."

Ta ajiye ta wuce. Ranar Yahuza ko abincin rana bai nema ba. Amma kafin la'asar ya samo bayanin da ya kwantar masa da hankali: hassada ce irin ta 'yan kasuwa. Ya kai wa Hajiya Muhibba ludayin har gida. Ta ɗaga shi a haske, ta ce duk cikin kayanta babu wanda hatiminsa ya fito raɗau kamar wannan, ta sa a kawo masa lemo.