Sensar Ƙarya da Barkonon Yangoji

Lokacin ina aiki a wani ɗan shago a Dutse Alhaji, inda muke haɗa akwatunan da ke kunna famfon sola da kashe shi. Aikin akwatin shi ne ya riƙa tambayar sensar da ke cikin tanki, wato 'yar na'urar da ke auna ruwa, ko ruwa ya cika, ita kuma ta amsa ta wayar da ta haɗa su. Mun kafa ɗaya a gonar wani dattijon Gbagyi a Yangoji, mai noman barkonon rani, da muke kira Baba. Da rana ta take sai famfon ya tsaya cak, ba zai sake motsi ba sai washegari.

Kullum sai Baba ya kira ni. "Yarona, famfo ɗin nan ta sake tsayawa. Barkono yana kwanta fa."

Na so in tafi, oga ya ce aiki ya yi yawa, in gano matsalar daga kan tebur. Muna da wata na'ura da muke kira analaiza, wadda ke sauraron duk abin da ke wucewa a waya ta nuna a kwamfuta, kuma tana iya shigar burtu ta yi kamar ita ce sensar. Na jona ta da wani akwati irin na Baba, na sa ta amsawa. Akwati ya tambaya, ta amsa. Na ce tanki ya cika, ya kashe famfo. Na ce babu ruwa, ya kunna. Na yi ta antaya masa saƙonni har yamma, ko gezau.

Abin ya hana ni sakat. In zauna, in tashi, in leƙa titi in kalli masu okada, in dawo in tarar da layukan saƙonni suna gangarowa a kwamfuta tsaf ba kuskure. Ban taɓa jin haushin abu don yana aiki daidai ba sai a makon nan. Shinkafar da na saya ta sandare a leda ban taɓa ta ba.

"Ka gani ko?" in ji oga. "Akwatinmu ba shi da wahala. Su ne suka taɓa wani abu."

Na fita waje na kira Baba, raina a ɓace, na tambaye shi ko an taɓa wani abu.

"Ba mu taɓa komai ba. Tanki kawai muka ɗaga kan dutse don ruwa ya gudu da ƙarfi. Waya bai kai ba, muka ƙara wani, muka naɗe da leda da kyau."

A nan na gane. Sensar da na ƙirƙira 'yar birni ce mai ladabi, ana tambaya take amsawa. Ta gona kuwa, da wayar da aka murɗe da hannu tana gasuwa a rana, amsarta takan iso a gutsure. Sai na koya wa analaiza rashin kunya: ta fara amsa ta katse a tsakiya. Nan take akwatin ya ƙame, yana jiran ragowar maganar da ba za ta zo ba. Gyaran bai fi layi kaɗan a manhajar akwatin ba: in ya jira bai ji ba, ya sake tambaya.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Yangoji, na riga na saddaƙar barkonon ya ƙone. Na tarar da shi kore shar. Na yi dariya na ce, "Baba, ashe tsoratar da ni kake yi."

Bai yi dariya ba. Ya nuna min hanyar rafi. Matarsa ce ke tahowa, tsohuwa, da jarkar ruwa a kafaɗa yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya. Da ta sauke na ga kafaɗar ta kumbura, fatar ta saluɓe.

"Sannu da zuwa, ɗana," ta ce. "Ka gyara, ko in koma?"